Tsagar Inci Ɗaya: Yadda Matatar Iska Ta Shiga Gidajen Amurka

A yawancin gidajen Amurka akwai wata 'yar tsaga da baƙo zai yi wata guda bai lura da ita ba. A wani gidan tana jikin tanderun ɗumama ɗakuna, can a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, a wani kuma tana bayan ragar ƙarfe a bango ko a silin. Faɗinta inci ɗaya ne. Cikinta ake zura wani abu mai kama da firam ɗin hoto: kwali ta gefe huɗu, tsakiya kuma farin ƙyalle mai ninki-ninki, ko wata shuɗiyar auduga shara-shara da ake hango hannu ta cikinta. Duk iskar da ke zagaya gidan, mai ɗumi da hunturu, mai sanyi da bazara, sai ta ratsa wannan abin kafin ta isa fanka. Matatar iska ke nan, ko filta a bakin masu gyara.

Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, sauya ta kuma bai kai minti biyu ba. A zaro tsohuwa, a duba lambar da ke gefenta, misali 16x25x1, a sayo irinta, a zura sabuwa ta yadda kibiyar da aka zana a jikin kwalin za ta kalli fanka. Hukumomin makamashi na ƙasar suna ba da shawarar a duba ta kowane wata, kada kuma ta wuce wata uku ba a sauya ba. Duk da haka, idan gida ya ƙi ɗumi a tsakiyar Janairu aka kira mai gyara, kafin ya buɗe akwatin kayan aiki zai tambayi maigida yaushe rabonsa da filta. Sau tari amsar ita ce sosa ƙeya.

Maigidan ya ɗauka domin huhunsa da na 'ya'yansa aka sa ta. Ba haka abin ya faro ba. Domin inji aka ƙirƙiro ta, ta kuma yi shekaru da dama tana gadin inji kafin a ɗora mata gadin mutane, ba tare da an faɗaɗa mata wurin zama ba.

A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, gidan da ke da rufin asiri a jihohin sanyi yana da ƙaton tanderun kwal a ɗakin ƙasa. Daga kansa manyan bututu ke fita ta kowace fuska, suna hawa zuwa ɗakuna, har mutane suka laƙaba masa sunan dabbar nan ta teku mai hannuwa takwas. Irin waɗannan ne Dave Lennox ya fara ƙerawa da farantan ƙarfe a garin Marshalltown na jihar Iowa a 1895. Babu fanka a jikinsu, babu lantarki. Iska mai zafi ce ke tashi sama don kanta, mai sanyi ta gangaro ta wani bututun. Tafiyar tana da rauni ƙwarai, don haka ko ƙyalle aka shimfiɗa a hanyarta sai ta tsaya. Matata ba ta da gurbi a wannan tsarin. Abin da ake da shi shebur ne na zuba kwal, da bokitin kwashe toka, da kuma kunkunniya da ke kwanciya a bango da labule duk tsawon hunturu.

Kunkunniyar nan har sana'a ta haifar. A lokacin bangon ɗaki takarda ake manna masa, wadda ba ta son ruwa, sai wani kamfanin sabulu a Cincinnati mai suna Kutol ya riƙa sayar da wani ƙulli mai danƙo da ake murzawa a bango ya kwashe baƙin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gidaje suka koma gas da mai, bango ya daina baƙi, ciniki ya mutu murus. Wata malamar makarantar ƙananan yara daga cikin dangin masu kamfanin ta gwada ƙullin a ajinta, yara suka ƙera dabbobi da shi. A 1956 aka sa masa suna Play-Doh, kuma da wannan sunan yara ke wasa da shi har gobe.

Tace iska kuwa a manyan gine-gine da masana'antu ya samo asali, inda ƙura ke jawo asarar kuɗi. A shekarun 1830, bayan gobara ta cinye ginin majalisar dokokin Ingila, wani likita ɗan Scotland mai suna David Boswell Reid ya tsara wa zauren wucin gadi hanyar shigar iska, inda ake bi da ita ta cikin mayafi da feshin ruwa don rage hayaƙin Landan. A 1902 Willis Carrier, injiniya ɗan shekara 25 a kamfanin Buffalo Forge, ya karɓi koken wata maɗaba'a a Brooklyn mai suna Sackett-Wilhelms. Laima ce ke sa takarda ta kumbura ta kuma tsuke, launuka su ƙi hawa daidai kan juna. Maganin da ya samar shi ake ɗauka mafarin na'urar sanyaya ɗaki ta zamani, kuma na'urar da ya yi wa rajista a 1906 wanke iska take yi da feshin ruwa, ta daidaita laima ta kuma kwantar da ƙura. Jin daɗin ma'aikata bai shiga lissafin ba. Takarda ake lallashi.

Haka ma a Louisville ta jihar Kentucky. A 1921 wani mai suna Bill Reed yana fentin motoci, ƙura tana sauka kan ɗanyen fenti tana ɓata masa aiki. Sai ya cusa soson ƙarfe tsakanin ragar waya irin ta kejin kaji, ya toshe hanyar shigar iska da shi. Dabarar ta yi aiki har ta fi fentin kawo kuɗi, kuma a 1929 kamfaninsa ya haɗe da wasu suka zama American Air Filter. Matatun wancan zamani na ƙarfe ne masu nauyi. Ana shafa musu mai don ƙura ta manne, idan sun cika a ciro su, a wanke, a shanya, a sake tsoma su a mai. Aiki ne na leburan masana'anta, ba wanda za a miƙa wa matar gida ranar Asabar ba.

Abin da ya kawo matata cikin gida fanka ce. Daga ƙarshen shekarun 1920 zuwa na 1930 masu ƙera tanderu suka fara haɗa masa fankar lantarki mai tura iska da ƙarfi. Nan take bututu suka ƙanƙance, ɗakin da ke nesa da tanderu ya samu ɗumi, gida marar ɗakin ƙasa ma ya iya samun tsarin. Amma fankar da ke turawa ita ce ke zuƙowa, kuma ba ta zaɓe. Gashin kare da na kyanwa, zaren darduma, burbushin tufafi, duk suna bin bututun dawowa su tarar da ita. Su lulluɓe fukafukanta, su shiga injinta, su kwanta a jikin tukunyar ƙarfen da wuta ke ci a cikinta su babbake, gida ya ɗauki ƙauri. Dole a sa wani abu a gabanta. Sharaɗin abin shi ne ya tare manyan tarkace, kada ya takura iska, ya kuma yi arha.

Amsar ta fito daga inda ba a zata ba, wato kamfanin kwalabe. Owens-Illinois na birnin Toledo a jihar Ohio ya shiga shekarun 1930 cikin tsaka mai wuya. Dokar haramta barasa da ta fara aiki a 1920 ta rage buƙatar kwalba, karayar tattalin arziƙin 1929 ta zo ta ƙara. Tanderun narka gilashi suna nan, kasuwa babu. Kamfanin ya ɗauki wani injiniya mai suna Games Slayter ya nemo wa gilashi wani aikin. A 1932 wani matashi a sashen binciken, Dale Kleist, yana ƙoƙarin liƙe tubalan gilashi biyu, sai iska mai ƙarfi ta bugi narkakken gilashin ta tarwatsa shi ya zama siraran zaruruwa. Kuskure ne, amma Slayter ya gane abin da ya gani. Daga nan aka samu hanyar yin audugar gilashi da yawa a kan kuɗi kaɗan, wadda daga baya ta cika bangon miliyoyin gidaje don tare sanyi. Kayan farko da kamfanin ya kai kasuwa daga zaren gilashi matatar tanderu ce mai suna Dust-Stop, ma'ana tsai da ƙura. A 1938 aka ware harkar ta zama kamfanin Owens-Corning.

Kyawun Dust-Stop ba a iya tacewa yake ba. A jefarwa yake. Zaren gilashi ne da aka fesa wa abu mai danƙo, aka sa a firam ɗin kwali. Matatu irin wannan sun daɗe ana tallafe su da wani siririn farantin ƙarfe mai manyan huda zagayayyu, wanda ba komai ba ne illa ragowar farantin da aka ƙwaƙule marafan kwalba daga jikinsa. Ba wanki, ba mai, ba shanya. Idan ta cika sai kwandon shara. Da wannan aka sauke aikin daga kan lebura aka ɗora wa mai gida, kamfani kuma ya samu abin da kowane ɗan kasuwa ke mafarki, wato kayan da mai saye zai dawo ya sake saya muddin yana raye a gidan.

Shekarun da ake tallar tsai da ƙura su ne shekarun da ƙura ta fi addabar Amurka. Fari da noman ganganci sun tone filayen Oklahoma da Texas da Kansas, guguwa ta riƙa kwasar ƙasar gona tana rufe rana. Ranar 14 ga Afrilun 1935 ta yi duhun da har yau ake kiranta Baƙar Lahadi. Yara suna kamuwa da ciwon huhu, ƙungiyar Red Cross tana rabon takunkumi. Sabuwar matatar ba ta kai ga waɗannan mutanen ba, domin a lokacin kusan gona ɗaya cikin goma ce ke da lantarki. Abin da matan wurin suka yi shi ne jiƙa zannuwan gado su rataya a taga da ƙofa, su cusa tsumma a kowace kafa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sanyi ya bi sahun ɗumi. Na'urar sanyaya ɗaki ta taga, wadda aka sayar da kusan 43,000 a 1947, ta haura miliyan ɗaya a 1953. Magina suka lura cewa bututu da fankar da ke raba ɗumi za su iya raba sanyi, in dai an dasa curin siraran bututun jan ƙarfe masu sanyi a saman tanderu. Tsari ɗaya ya koma yin aiki biyu, matata ɗaya tana gadin duka. Zuwa 2020 kusan kashi 88 cikin ɗari na gidajen ƙasar suna da wata hanyar sanyaya iska, yawancinsu ta wannan tsarin na bututu.

A nan sakaci da matata ya fara tsada. Curin bututun nan kullum a jiƙe yake da raɓa, kuma tsakanin faifan ƙarfen da ke jikinsa tsaga ce 'yar mitsitsiya. Ƙura ta haɗu da raɓa ta zama taɓo. Idan kuma matatar ce ta toshe, iskar ɗaki ba ta isa curin yadda ya kamata, sai ya yi ta sanyi har raɓar ta daskare. Maigida zai tarar da ƙanƙara a jikin na'ura alhali yana zufa a falo. Da hunturu matsalar ta fi haɗari. Tukunyar wuta tana buƙatar iska ta riƙa shafar bayanta tana ɗauke zafi. Idan iskar ta yi ƙaranci ƙarfen ya yi zafi fiye da kima, wani maɓallin kariya ya kashe wutar, ya huce, ya sake kamawa, haka dare da rana. Ƙarfen da ke buɗewa yana tsukewa ba hutu yana iya tsagewa, kuma ta tsagar ce iskar guba marar wari, irin wadda ke fita daga janareta, kan sulale cikin ɗakuna. Ko ba a kai nan ba, ma'aikatar makamashi ta ƙasar ta ce sauya matatar da ta toshe yana rage wutar da na'urar sanyi ke sha da kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari.

Mai na'urar sanyi a Kano ko Maraɗi ya san wani ɓangare na wannan labarin, ko da yake tasa ba ta da bututu. Irin ta bango da ta fi yawa a wajenmu tana da ragar roba a bayan murfi, wadda ake zarewa a wanke a mayar, ba a jefarwa. Aikinta ɗaya ne da na Dust-Stop, wato kare curin bututu. Lallausar ƙurar da iskar hunturu ke ɗaukowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi wucewa take ta cikinta salin-alin.

Matatar da ke iya kama irin wannan ƙura yaƙi ne ya haife ta. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Ingila suka samu wata takarda a cikin takunkumin gas na sojan Jamus, wadda ke tare hayaƙi fiye da duk abin da suke da shi. Aka kwaikwaye ta, aka aika wa Amurka. Sashen sinadarai na sojan Amurka ya nemi shawarar Irving Langmuir, masanin da ya ci kyautar Nobel a 1932, a kan girman ƙwayar da ta fi wuyar kamawa. Amsarsa ita ce maikiron 0.3. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kuma kaurin gashin mutum kusan maikiron 70 ne.

Wanda ya saba da rariya zai zaci ƙwayar da ta fi ƙanƙanta ita za ta fi wucewa. Matatar iska ba rariya ba ce. Dajin zaruruwa ce, ramukan da ke tsakaninsu sun fi ƙwayoyin girma nesa ba kusa ba. Babbar ƙwaya tana da nauyi, idan iska ta kauce wa zare ita ba ta iya shan kwana, sai ta yi karo da shi ta manne. 'Yar mitsitsiya kuma ba ta tafiya a miƙe, ƙwayoyin iska suna bangazarta hagu da dama kamar maye, har ta faɗa kan wani zaren. Ta tsakiya ce fitinanniya. Ba ta yi nauyin da za ta yi karo ba, ba ta yi ƙanƙantar da za ta yi tangaɗi ba, sai ta bi iska ta sulale. Shi ya sa aka ɗauki maikiron 0.3 ya zama ma'auni. Masu aikin bam ɗin nukiliya sun buƙaci irin wannan matata don tare ƙura mai guba a ɗakunan aikinsu, kuma a shekarun 1950 aka sake ta ga 'yan kasuwa. Ita ce yanzu ake kira HEPA, wadda dole ta kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyi masu wannan girman. Asibitoci da masu haɗa magunguna da masu ƙera kayan lantarki suka rungume ta. Gida kuwa bai iya ba, domin fankar tanderu ba ta da ƙarfin tura iska ta cikin takarda mai wannan matsi.

Sai da abubuwa biyu suka faru kafin a waiwayi tsagar nan ta inci ɗaya da sabon ido. Na farko a 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa masu arzikin man fetur suka hana sayar wa Amurka mai. Kuɗin ɗumama gida ya yi tashin gwauron zabo, mutane suka bi kowace kafa suka toshe, aka ninka gilashin taga. A ofisoshi an rage iskar waje da ake shigarwa zuwa kashi ɗaya cikin uku na yadda take a da. An yi tsimin mai, amma hayaƙin girki da na taba da ƙurar gida suka rasa mafita, suka yi ta zagaye ta cikin matatar da ba a yi ta dominsu ba.

Na biyu a 1993, lokacin da masana daga jami'ar Harvard suka fitar da sakamakon bin diddigin mutum fiye da 8,000 a garuruwa shida na tsawon shekara goma sha huɗu zuwa sha shida. Yawan mutuwa a Steubenville ta jihar Ohio, garin masana'antar ƙarfe, ya ɗara na Portage ta jihar Wisconsin da kashi 26 cikin ɗari, kuma abin da ya fi tafiya tare da wannan bambancin shi ne ƙananan ƙwayoyin da ba su wuce maikiron 2.5 ba. A 1997 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta kafa musu doka ta musamman. Ƙurar da ido ke gani a kan tebur ashe ba ita ce abin tsoro ba.

Hatta hanyar gwada matata sai da ta sauya. Tsohon gwaji da nauyi ake yi, a hura ƙurar gwaji, a auna abin da aka kama. Tun da manyan ƙwayoyi su ne masu nauyi, matatar gilashi tana fitowa da maki mai kyau, tamkar wanda ya tsince tsakuwa daga shinkafa ya bar yashi. A 1999 ƙungiyar injiniyoyin ɗumama da sanyaya gine-gine, ASHRAE, ta fitar da sabon gwaji mai ƙirga ƙwayoyi gwargwadon girmansu, da ma'aunin MERV daga 1 zuwa 16. Tsohuwar shuɗiyar matata ta faɗo tsakanin 1 da 4. Mai ninki ta yau da kullum tana wajen 8. Mai lamba 13 dole ta kama aƙalla rabin ƙwayoyin da ke tsakanin maikiron 0.3 da 1, inda hayaƙi yake. 'Yan kasuwa ba su bar abin haka ba. Kamfanin 3M yana da ma'auninsa, kantin Home Depot yana da nasa, sai mai saye ya tsaya gaban kanta yana kallon lambobi iri uku a kan abu ɗaya. Wannan ruɗani ba mai saye yake amfana ba.

Masu ƙira sun yi dabara biyu don cusa sabon aikin cikin tsohon wuri. Sun ninka ƙyallen kamar kalmasar buje, yadda faɗinsa zai ninka na firam sau da yawa. Sun kuma sa wa zaren roba cajin lantarki mai daɗewa, ya riƙa janyo ƙwayoyi kamar yadda biron da aka goga a gashi ke ɗaukar guntun takarda. Peter Tsai, injiniya ɗan asalin Taiwan a jami'ar Tennessee, ya inganta wannan hanyar a farkon shekarun 1990, kuma ita ce ke cikin takunkumin N95. Sai dai cajin yana dushewa yayin da hayaƙi ke lulluɓe zaren, don haka irin wannan matatar tana iya rasa ƙarfi tun ba ta yi baƙi ba.

Duk da dabarun, takaddama ba ta ƙare ba. Likitan asma yana son lamba babba. Mai gyara yana kallon fanka da bututun da aka auna a 1965 don matatar da hannu ke bayyana ta cikinta, yana gargaɗin cewa matsattsiya za ta shaƙe inji, musamman in an bar ta ta cika. Kowannensu yana da gaskiya, laifin na tsagar ne. Inda aka faɗaɗa ta zuwa inci huɗu ko biyar, ninkin yana zurfi, iska tana samun hanya, matatar tana kai wata shida zuwa shekara. Amma wannan na nufin kiran maƙeri ya yanka bututu, kuma a gidan haya babu mai ɗaukar nauyin, domin mai gidan ne ke da inji, ɗan haya ne ke da huhu.

A 2020 cutar korona ta sa mutanen da ba su taɓa jin kalmar MERV ba suka haddace lamba 13. ASHRAE ta ba da shawarar a koma kanta, makarantu da ofisoshi suka yi rububi, ta yi wuyar samu. A watan Agusta na shekarar Richard Corsi, shugaban tsangayar injiniya a jami'ar jiha ta Portland a lokacin, ya kawo shawarar a haɗa matatun gida da yawa da fanka mai kusurwa huɗu. Jim Rosenthal, mai kamfanin matatu a Texas, ya haɗa ya gwada. Yadda aka fi yin akwatin shi ne matata huɗu a tsaye su zama bango, kwalin fankar ya zama ƙasa, fanka a sama tana kallon silin, a naɗe gaɓoɓin da salatif. A lokacin kuɗinsa bai cika kai dala 100 ba, ɗalibai suna haɗa shi a aji cikin ƙasa da awa guda. Tun da iskar tana da ƙofa huɗu, fanka mai arha tana iya janta ba wahala. Bayan kusan shekara casa'in an zaro matatar daga jikin tanderu an ajiye ta a tsakar ɗaki, babu injin da take gadi. A watan Yunin 2023, da hayaƙin gobarar dajin Kanada ya mai da sararin New York ruwan lemo, mutane sun sake jawo irin waɗannan akwatuna.

Jihar Kalifoniya, wadda ta fi kowa sanin hayaƙin daji, ta bi ta hanyar doka. Daga Janairun 2020 sabon gida dole ya zo da matata mai lamba 13, tsagarta kuma ta kai inci biyu, ko a ƙara mata faɗi in za a bar ta a inci ɗaya. Dokar ba ta taɓa tsoffin gidaje ba, kuma su ne mafi yawa. A cikinsu wasu sun miƙa tunin ga na'urar daidaita zafi da ke bango, wadda ke ƙirga awannin da fanka ta yi ta aiko da saƙo a waya. Wasu sun yi rajista da kamfanonin da ke kawo sabuwar matata ƙofar gida duk wata uku, zuwanta shi ne tuni. Masu gyara kuwa har yanzu abin da suke koya wa mutane bai sauya ba: a ɗaga ta sama a kalli fitila, in haske bai ratso ba a jefar, sabuwar kuma a rubuta ranar da aka sa ta da alƙalami a gefen kwalin.